Neman shawara: darasin ƙwarangwal da sunayen gumakan Girkawa

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Zangon karatu mai zuwa zan koyar da darasin ƙwarangwal ga 'yan aji biyar na sakandare, makarantarmu kuwa ba ta da ƙwarangwal na roba, sai zane ɗaya a bango. Ina so yaran su riƙe ƙashi a hannu su kwatanta na mutum da na dabba, tunda a jarrabawar gwaji ƙashin ake ajiye musu a kan tebur a ce su faɗi na wane sashen jiki ne. Abu na biyu, ɗalibaina mata sun taso ni da cewa sun ji wai daga gumakan Girkawa mata aka samo sunayen ƙasusuwa. Mai sani ya taimaka, Allah ya ba da lada.

Likitan Dabbobi: Wa alaikumus salam Malama. Ki samu akuya ko tunkiya guda cikakkiya, daga kai har kofato. Kada ki tattaro ƙashi nan da can, na sa ɗaya na rago ɗaya, yara za su rikice a kan girma. In kina da haƙuri, Babbar Sallah ita ce damarki. Ki roƙi gida ɗaya su bar miki ƙasusuwan ragon layyarsu ba tare da an sassara da gatari ba.

Ɗan Sarkin Fawa: Hajiya Malama, matsalar ke nan. Mu a kwata sara muke yi, saboda mai saye ɓargo yake so. Ki faɗa wa mahaucin tun kafin yanka cewa fiɗar gaɓa-gaɓa kike so, ya bi da wuƙa ta mahaɗa, ya raba ƙafa daga kwatangwalo, ya zare haƙarƙari ɗaya-ɗaya. Aikin ya fi cin lokaci, sai ki ƙara masa wani abu. Ƙashin baya kuwa ki ce kada ya tsaga shi biyu, don shi ne farkon abin da hannunmu ya saba yi.

Ummi ta Koyon Likita: Anti, bari in fara da tambayar 'yan matan. A cikin ƙasusuwa 206 na baligi babu mai sunan gunkiya. Wanda ya zo daga tatsuniyar Girkawa kai tsaye shi ne atlas, gaɓar farko ta wuya wadda ƙoƙon kai ke zaune a kanta, Atlas kuwa namiji ne, ƙaton da suka ce an ɗora wa sama a kafaɗa don horo. Da yawa daga sauran sunayen na kayan gida ne na Girkawa da Rumawa. Gumaka matan suna wasu wurare. Da'irar nan mai launi ta cikin ido sunanta iris, sunan gunkiyar bakan gizo. Agara kuma a littattafanmu jijiyar Akilis ake ce mata, sunan wani gwarzon tatsuniyarsu, saboda labarin cewa uwarsa Tetis, gunkiyar teku, ta riƙe shi ta diddige ta tsoma shi a kogin Sitiks don kada makami ya kama shi, sai wurin da ta riƙe ya zama lagonsa. Wani malamin fiɗa ɗan yankin Beljiyam, Philip Verheyen, shi ya rubuta sunan a 1693.

Ɗan Sarkin Fawa: To agara ai ta nan muke rataye dabba in za a feɗe. A huda tsakaninta da ƙashi a zura ƙugiya, ta ɗauki sa guda ba ta tsinke ba. Malama ki sa a bar miki ita a jikin ƙafa ɗaya, ki nuna musu ɗanya kafin a wanke ƙashin, sannan kowa ya shafa tasa a bayan diddige.

Likitan Dabbobi: Madalla da wannan. Ta haka zan so ki bi da darasin gaba ɗaya: ƙashin akuya a hannun dama, hannun hagu yana laluben makamancinsa a jikin yaron. Ki fara da ƙafar gaba, nan ne suke shan mamaki. Abin da kowa ke kira gwiwar akuya a ƙafar gaba tsintsiyar hannu ce. Gwiwar hannunta tana can sama manne da ƙirji. Dogon ƙashin da ke ƙasa da wannan "gwiwa" shi ne tafin hannu, ƙasusuwa biyu ne suka haɗe suka zama ɗaya, na yatsa na uku da na huɗu. In kika duba za ki ga tsagi a tsakiyarsa daga sama zuwa ƙasa, ƙarshensa kuma ya rabu kai biyu, kowane kai da yatsarsa da kofatonsa. Doki da jaki yatsa ɗaya tak suke takawa, na tsakiya, da wasu siraran ƙasusuwa biyu a gefe waɗanda ba sa kaiwa ƙasa. A ƙafar baya ma haka: abin da ake gani kamar gwiwa ta juya baya diddige ne, dabbar a kan farcenta take tafiya. Hannun mutum ƙashi 27 ne, ƙafarsa 26. Ki sa su ƙirga na akuya da kansu su ga abin da ya ragu da abin da ya haɗe.

Sai abin da akuya ba ta da shi. Ki ce kowa ya taɓa ƙashin nan na gaba da ya taso daga ƙirji zuwa kafaɗa. Akuya, saniya, doki, duk babu. Allon kafaɗarsu tsoka ce kawai ta riƙe shi a jikin haƙarƙari, shi ya sa mahauci ke cire ƙafar gaba ba tare da ya karya komai ba. Mu kuwa wannan ƙashi shi ya tokare kafaɗa waje, har muke iya ɗaga hannu sama mu wurga dutse. Kaza tana da shi, na dama da na hagu sun haɗe sun zama ƙashin nan mai reshe biyu da ake samu a gaban ƙirjinta.

Maman Khalil: Likita, Allah ya ƙara basira. Gaɓoɓin ƙashin baya fa? Su ne suka fi fitowa a jarrabawa.

Likitan Dabbobi: Na wuya suna da ƙaramin rami a kowane gefe inda jijiyar jini ke bi zuwa kai. Na ƙirji suna da doguwar ƙaya a sama da gurbin da haƙarƙari ke zama. Na ƙugu suna da faffaɗan fiffike hagu da dama. Atlas zobe ne kawai, a tsakaninsa da ƙoƙon kai ake gyaɗa kai. Na biyu, aksis, yana da ɗan turke da ya shiga cikin atlas, a kansa ake girgiza kai. Ki zura su duka a igiya bisa tsari tun ranar da aka wanke su, in sun cakuɗe jera su aiki ne. Lissafin kuma: mutum 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a ƙugu. Akuya da tunkiya da saniya 7 a wuya, 13 a ƙirji, don haka haƙarƙarinsu 13 ne kowane gefe, namu 12. Doki 18. Raƙumi 12 kamar mu.

Na-Yamai: Gaisuwa daga Nijar. Malama, ki tambaye su gaɓa nawa ke wuyan raƙumin dawa kafin ki ba su amsa. Bakwai ne, kamar na ɓera, kamar namu, sai dai kowace gaɓa takan kai santimita 25. A nan Kure, gabas da Yamai, muke da garken raƙuman dawan Afirka ta Yamma. Kusan duk dabba mai shayarwa bakwai gare ta. Cikin 'yan kaɗan da suka saɓa akwai ayu, wanda masuntanmu na kogin Kwara da Binuwai suka sani, shi shida ne da shi. Kaza kuwa 14, don ita ba ta cikin wannan ƙa'ida. Duk wanda hanya ta kawo shi Yamai ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama, akwai ƙwarangwal na dabbobin da suka shuɗe waɗanda aka tono a hamadar Tenere, har da wani ƙaton kada. In yaro ya iya ƙafar akuya, zai gane cinya da ƙwauri a jikin waɗannan ma.

Alaramma: Ina da magana biyu, Malama. Ta farko, kada wani ya kawo shawarar a nemo ƙashin mutum na gaske, ko a ce an tsinta ne. Hadisin Nana A'isha da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Ta biyu, yara za su ce miki sun ji 360 a Islamiyya ke kuma kin ce 206. Hadisin da ke cikin Muslim a kan gaɓoɓi yake magana, wato mahaɗai, ba adadin ƙasusuwa ba. Ki raba musu biyun tun farko.

Ummi ta Koyon Likita: Gaskiya ne Malam. Ga ɓangaren mutum, tsofaffin hotunan ƙashi na asibiti sun isa. Duk gidan da aka taɓa samun karaya akwai ɗaya a ƙarƙashin katifa. A nemi izinin mai shi, a rufe sunansa, a ɗaga a taga. Hoton hannun yaro ma ya fi amfani, domin ana ganin layin guringuntsi a ƙarshen kowane ƙashi inda yake tsawo. Jariri da ƙasusuwa wajen 270 ake haifarsa, suna haɗewa ne da girma. Anti, in ragon da kika samu ƙarami ne, kawunan dogayen ƙasusuwan za su ɓalle a ruwan zafi. Kada ki zubar, darasin ke nan. A intanet kuma akwai eSkeletons na Jami'ar Texas, kyauta ne, yana jera ƙashin mutum da na birai gefe da gefe.

Abban Sadiya: Ni iyaye nake wakilta a nan, kuma zan faɗi abin da ke raina. Kimiyya za a koyar, me ya kawo labarin gumaka aji? A ba su sunan su haddace, a wuce.

Alaramma: Alhaji, damuwarka a kan hanya take, amma yaran sun riga sun tambaya. In malama ta yi shiru waya za ta ba su amsa, ba kuma yadda muke so ba. Alƙur'ani da kansa ya ambaci Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi, ya ce sunaye ne kawai da mutane suka ƙirƙira su da iyayensu. Muna cewa Janairu da Maris da Yuni kullum, dukkansu daga gumakan Rumawa ne, ba wanda ya ɗauka bauta muke yi. A ganina ta faɗa a taƙaice cewa wannan tatsuniyar mutanen da ne, masu fiɗa suka ari sunan, ta koma kan ƙashinta.

Abban Sadiya: In a haka ne, ban ƙi ba. A taƙaita dai.

Baba Malam Mai Ritaya: 'Ya'yana, ku ba tsohon malamin tarihi wuri. Malama, akwai ƙashi ɗaya a jikin ragonki wanda ya haɗa tambayoyinki biyu. Ki nemi ɗan dunƙulen ƙashin da ke cikin diddigen baya, mai tsagi sama da ƙasa, girmansa bai wuce babban yatsa ba. Girkawa suna kiransa astaragalos, da shi suke wasa da caca da duba tun kafin ɗan lido mai fuska shida ya yaɗu. Fuska huɗu yake iya faɗuwa a kai, suka ba su lamba 1 da 3 da 4 da 6. Guda huɗu ake watsawa. In kowanne ya faɗi a fuska dabam, wannan ita ce jifa mafi daraja, sunanta jifar Afrodita, gunkiyar soyayya, Rumawa kuma suka ce jifar Binus. Mafi muni ita ce jifar kare, duka huɗun a kan 1. A wani kogo kusa da Delfi ta Girka masu tono sun sami irin wannan ƙashi fiye da 20,000 da masu ziyara suka bari. Mu ma muna da shi a idon sawu, amma namu kai ɗaya ne mai santsi, ba zai zauna a fuska huɗu ba. Mai tsagi biyun alama ce ta dabbobi masu rababben kofato, har raƙumi da alade. Ki ajiye na rago kusa da hoton idon sawun mutum, ki tambaye su me ya sa mai tsalle a kan duwatsu yake bukatar mahaɗar da ba ta karkata gefe.

Akwai kuma tatsuniyar Dimita, gunkiyar hatsi, wadda suka ce cikin baƙin cikin ɓatan 'yarta ta ci kafaɗar wani yaro Felofs ba ta sani ba, aka maye masa da ta hauren giwa. Daga baya a yankin Olimfiya ana nuna wani ƙashi a ce allon kafaɗarsa ne. Herodotus, marubucin tarihin Girkawan da, shi ma ya kawo labarin akwatin gawa mai kamu bakwai da aka tono a Tegiya aka ce ƙasusuwan gwarzo Orestis ne. Masana da yawa a yau suna ganin irin waɗannan ƙasusuwan manyan dabbobi ne da suka shuɗe, dangin giwa, waɗanda ƙasar Girka ke cike da su. A 1914 wani masani ɗan Ostiriya, Othenio Abel, ya kawo ra'ayin cewa dodonsu mai ido ɗaya a goshi daga ƙoƙon kan ƙananan giwayen tsibiran Bahar Rum ya samo asali, domin ramin hancin giwa yana tsakiyar fuska. Ra'ayi ne, ki faɗe shi a matsayin ra'ayi.

Mai Kyamis: In 'yan matan suna son gumaka mata da gaske, kantin magani za su leƙo. Atrofin, wanda ake ɗiga wa ido ya buɗe kuma ake yi wa wanda ya sha fiya-fiya allurarsa a asibiti, daga Atrofos ne, ɗaya daga mata uku da Girkawa suka ce su ke riƙe da zaren rayuwa: Kuloto na kaɗi, Lakesis na awo, Atrofos na yankewa. Masanin tsirrai Linnaeus ya ba tsiron da ake samun maganin daga gare shi wannan suna saboda dafinsa, kuma zaƙami namu danginsa ne, yana da irin sinadarin. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yanzu daga tsiron artemisiya yake, dangin tazargade, sunan da ake dangantawa da Artemis, gunkiyar farauta. Tu Youyou ta Sin da abokan aikinta suka fitar da sinadarin a 1972, ta sami kyautar Nobel a 2015. Don Allah Malama ki ƙara musu da cewa jiƙa tazargade a gida ba ya maye gurbin maganin asibiti. Rantsuwar likitoci ta Hifokiratis, babban likitan Girkawan da, ma a asalinta da sunayen gumaka ta fara, ciki har da Higiya da Fanasiya, 'ya'yan gunkin warkarwa, amma an sauya lafazinta a zamanin nan.

Likitan Dabbobi: Mu dawo kan wanki, don nan ake ɓata aiki. A cire nama iya iyawa. A sa a tukunya da ruwa da garin sabulun wanki, wuta kaɗan-kaɗan, kada ya tafasa da ƙarfi, don tafasa na tura kitse cikin ƙashi ya kuma fasa haƙora. A goge da tsohon buroshi, a huda dogayen ƙasusuwa a fitar da ɓargo, in ba haka ba za su yi ta tsattsafo da mai suna wari. Daga nan a jiƙa kwana ɗaya ko biyu a haidirojin faroksaid na kyamis, mai kashi 3 cikin ɗari. Kada a sa bilicin wanki. Yana faranta ƙashi a ranar, bayan 'yan watanni ya riƙa zubar da gari. A shanya a inuwa inda kare ba zai kai ba.

Baba Malam Mai Ritaya: Likita, a zamaninmu binnewa ake yi a ƙasa mai danshi, a tono bayan damina. Ƙashin ya fi fitowa da ƙwari.

Likitan Dabbobi: Haka ne Baba, ga mai lokaci ya fi, musamman kai. Sai dai ƙananan ƙasusuwan tsintsiyar hannu da haƙora suna ɓacewa a ƙasa. In za a binne, a ɗaure kowace ƙafa dabam a cikin tsohon gidan sauro. Abin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne mushe. Yara in suka ji ana neman ƙashi za su kwaso na dabbar da ta mutu a bayan gari. Ƙwayar cutar saifa takan yi shekaru da yawa a ƙashi da ƙasa tana raye, kuma a Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja. Dabbar da aka yanka lafiyayya kawai, safar hannu lokacin wanki, sabulu bayan darasi.

Ummi ta Koyon Likita: Anti, akwai gargaɗi ɗaya da nake ganin ya kamata ya zama zuciyar darasin. Akuya za ta koya musu tsarin, amma kada su ɗauka duk abin da ke jikinta yana jikinsu. Wannan kuskuren ya zauna a littattafan likitanci fiye da shekara dubu. Jalinus, wanda aka haifa a Fargamon, cikin Turkiyya ta yau, a shekarar 129, shi ne babban malamin fiɗa na duniyar da, amma a zamaninsa ba a yarda a feɗe gawar mutum ba. Birai da aladu da shanu da awaki ya feɗe, ya rubuta abin da ya gani a matsayin jikin mutum. Ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne da suka haɗu a haɓa. Ya ce ƙashin tsakiyar ƙirji gida bakwai ne. Ya ce akwai wata ragar jijiyoyin jini a gindin ƙwaƙwalwa, wadda tunkiya da saniya ke da ita, mutum ba shi da ita.

Ɗan Sarkin Fawa: Maganar muƙamuƙi a wurin akuya gaskiya ya faɗa. Duk mai farfesun kai ya sani, in ya dahu rabuwa yake biyu daidai haɓa.

Baba Malam Mai Ritaya: Wanda ya fara kama shi a kan wannan Balarabe ne, Abdullaɗif al-Bagdadi. Yana Masar lokacin babbar yunwar da ta fara a 1200, aka nuna masa wani tudu kusa da Alƙahira inda ƙasusuwan mamata suka taru. Ya duba kawuna fiye da 2,000, ya rubuta cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne ba mahaɗa, kuma duk da girman Jalinus a wurinsa, abin da ido ya gani ya fi abin da aka ji. Turai ba ta gyara ba sai 1543, da Andreas Vesalius ya fitar da babban aikinsa bayan ya feɗe gawarwaki da hannunsa a Faduwa ta Italiya, ya nuna ƙashin ƙirji gida uku ne. Shekara 12 bayan haka, a 1555, wani Bafaranshe Pierre Belon ya zana ƙwarangwal ɗin mutum da na tsuntsu a tsaye gefe da gefe, ya sa wa ƙasusuwan da suka yi daidai harafi iri ɗaya. Zanen yana intanet. Malama ki buga shi babba ki manna, ki sa yaran su yi irinsa da akuya.

Adalci ga Jalinus, shi da kansa ya shawarci ɗalibansa su je Iskandariyya su ga ƙwarangwal ɗin mutum da idonsu.

Maman Khalil: Baba, wannan na al-Bagdadi da shi zan buɗe darasin muƙamuƙi. Likita, a ƙoƙon kai me zan sa su duba ban da wannan?

Likitan Dabbobi: Ramin da laka ke fita. Na akuya yana baya, don kanta a gaban jiki yake rataye, shi ya sa take da tsokar wuya mai kauri da dogayen ƙayoyi a doro. Namu yana ƙasa a tsakiya, kai na zaune a saman ƙashin baya. Sai gurbin ido, nata a gefe don ta hango abin da ke zagayo ta, namu a gaba. Sai haƙora. Ita 32 mu 32, amma rabon ya bambanta: ba ta da haƙoran gaba a sama ko ɗaya, sai tauraren dasashi, takwas a ƙasa, sannan fili, sannan matauna. 'Ya'yan makiyaya da duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa sayen ragon layya sun san ana buɗe baki a ga shekaru. Manyan haƙora biyu na farko sukan fito bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, baki ya cika wajen shekara huɗu. Ki bar su su koya wa 'yan ajin wannan, sun fi ki gani a aikace.

Kwatangwalo ma ki ba shi lokaci. Na akuya dogo ne siriri a kwance. Namu gajere ne mai faɗi kamar ƙwarya, saboda kayan ciki a kansa suke zaune. Ƙashin cinyarmu kuma ya karkato ciki daga ƙugu zuwa gwiwa don ƙafa ta sauka a ƙarƙashin nauyin jiki, na akuya a miƙe yake. Da waɗannan ake rarrabe ƙashin mutum da na dabba in an tsinta a gona ko wurin haƙar gini. Ki gaya musu in sun ga wanda suke zargi kada su taɓa, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda.

Ɗan Sarkin Fawa: Akwai ɗan ƙashi a cikin zuciyar tsohon sa, wuƙa takan ci karo da shi. Likita, mutum na da shi?

Likitan Dabbobi: Ba shi da shi. A gindin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya yake, yana ƙara tauri da shekaru. Raƙumi ma yana da wani a cikin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. In za ka iya ware wa Malama ɗaya ka kyauta.

Ɗan Sarkin Fawa: An gama, in sha Allahu. Zan haɗa da ƙafar sa guda, don tsagin nan na tafin hannu ya fi fitowa a babba.

Na-Yamai: Malama ki rubuta lamba a jikin kowane ƙashi da fensir, ki shafa jan farce marar launi a kai, sunan kuma ya zauna a takarda dabam. Haka za ki iya yi musu gwaji da su. Ƙafa ɗaya ki haɗa ta da siririyar waya a kan katako, ɗayar ki bar ta a warwatse a leda su riƙa jerawa.

Ummi ta Koyon Likita: In makaranta za ta iya ɗaukar nauyin mota, tsangayoyin likitan dabbobi na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da sashen fiɗa. A rubuta wa shugaban sashen takarda tun da wuri a nemi izinin ziyara. Ki tafi da ƙafar akuyarku a jaka, su ajiye ta kusa da ta doki.

Maman Khalil: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Tambaya ɗaya ta rage: kaza, ta gidan gona ko ta gida?

Likitan Dabbobi: Ta gida, tsohuwa ko zakara. Ta gidan gona ana yanka ta tana da mako shida zuwa takwas, kawunan ƙasusuwanta guringuntsi ne, narkewa za su yi a tukunya. Ki kula da fiffike, akwai ƙananan yatsu uku a ƙarshensa, su ne ke fara ɓacewa.